Babi na Biyar: Masu Sarauta a Ƙarƙashin Kwara

Malanville ne gari na ƙarshe a kan hanyar arewa ta Jamhuriyar Benin, sama da kilomita 700 daga Kwatano. Daga nan sai gadar da aka gina a 1958, wadda ke haye kogin Kwara zuwa Gaya a Nijar. Tsohon sunan garin Tassi. Faransawa ne suka liƙa masa sunan Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Dahomey. Kasuwarsa ce ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma a cikinta ana cinikin albasa da shinkafa da busasshen kifi da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Barganci. Yawancin masu rubutu kan garin a nan suke tsayawa, wato kasuwa da iyaka da manyan motoci. Amma akwai wata taswira da ke kwance a ƙarƙashin wannan. Idan aka bi kogin sama, aka wuce Karimama, za a iske inda kogin Mekuru ke zuba cikin Kwara, kuma a wannan yankin ne masu ba da labarin Songhai da Zabarma suke cewa Harakoi Dikko, uwargijiyar kogin, take da gidanta a wani wuri mai suna Gambu. Idan aka yi kudu, ƙasar Bargu ce, inda suke cewa Dongo mai tsawa ya fito. Idan aka yi gabas, Kabi ce, ƙasar Sarkawa, jikokin masuntan da ke yi wa waɗannan iskoki kirari. Malanville tana tsakiyar wannan labari. Abin da babin nan zai kare shi ne cewa labaran nan ba su zo da wani mahalicci na biyu ba. Tunani ne mai tsari da mutanen kogi suka yi kan iko, yadda ake raba shi da inda yake tsayawa da wanda zai iya ce masa ya isa, kuma a cikin jerin masu riƙe da ikon ne suka adana tarihin duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwan.

A fara da asali. A labarin Songhai da Zabarma da Dandawa, wanda ya yi sama da ƙasa ɗaya ne, Irkoi, kuma da wannan sunan Musulminsu ke kiran Allah har yau. Ba a yi masa hoto, ba ya hawa kan kowa, ba a kaɗa masa goge. Iskokin da suke kira holai halittu ne. Labarin da ya fi yaɗuwa game da fitowarsu shi ne cewa Hauwa'u ta haifi 'ya'ya tagwaye masu yawa, sai ta ɓoye waɗanda suka fi kyau don kada a karɓe mata su, sai Ubangiji ya hukunta cewa waɗanda aka ɓoye za su dawwama a ɓoye. Masu bori a ƙasar Hausa suna da wannan labarin kusan kalma da kalma, daga Kano har Maraɗi. Ba ya cikin Alƙur'ani, wanda ya bayyana cewa daga wuta aka halicci aljanu tun kafin mutum, kuma ba wanda ya kamata ya ɗauke shi a matsayin aƙida. Sai dai a lura da abin da masu labarin suka zaɓa su faɗa. Sun mai da iskoki 'yan'uwan mutum na ciki ɗaya, masu aure da saki da kishi da fushi, masu ƙabila da sana'a. Ba su ba ko ɗaya daga cikinsu ikon ya ce wa abu kasance ya kasance ba. Kogin yana nan kafin Harakoi ta zauna cikinsa, sararin sama yana nan kafin Dongo ya yi ruri. Abin da suke da shi riƙo ne, irin riƙon da hakimi ke yi wa ƙasar da bai halitta ba.

Gidan da ya fi kowane girma cikin holai shi ne na Toru, kuma Harakoi Dikko ce uwarsu. Labarin ya ce ta auri maza daga ƙabilu dabam-dabam, kowanne ta haifa masa ɗa ta rabu da shi ta riƙe ɗan. Cirai, mai ido ɗaya, shi ne na walƙiya. Mahaman Surgu Buzu ne. Musa Nyawri Bagurme ne, maharbi, mai kora iska da gajimare. Hausakoi maƙeri ne, ɗan ɓangaren Hausa, shi ke ƙera duwatsun da ake jifa da su daga sama, waɗanda mu muke kira gatarin aradu. Akwai ƙaraminsu, Faran Baru. Dongo kuwa, wanda ya fi su duka ban tsoro, ba ita ta haife shi ba. Ɗan Bargu ne da ta ɗauka riƙo. Abin lura a nan shi ne yadda hadari ke haɗuwa a wannan tsari. Sai Musa ya tara gajimare, sai Hausakoi ya hura zuga ya ƙera gatari, sai Cirai ya haska wuri, sannan Dongo ya yi jifa. In ɗaya ya ƙi, aikin ya tsaya. Wanda ake tsoro fiye da kowa ba ya iya ƙera makaminsa, ba ya ganin abin da zai jefa sai wani ya haska masa, kuma dukkansu suna da uwa da za ta iya kiransu su zauna. Bahaushe ya san wannan fasali, domin haka garinsa yake: Sarkin Maƙera ba ya yanka, Sarkin Pawa ba ya ƙira, Sarkin Ruwa ba ya shiga hurumin Sarkin Noma. Birnin Jangare na masu bori ma haka aka tsara shi, da gidaje da sarki da waziri da malami da fadawa. Mutanen da suka ga tsawa ta kashe shanu da makiyayi a lokaci ɗaya suna iya cewa wani azzalumi guda ne ke mulkin sama yadda ya ga dama. Ba su ce haka ba. Sun ce ko can ma aiki a rabe yake.

Labarin Dongo na farko ya ƙara fito da wannan. An ce yana cikin ƙuruciyar ƙarfinsa ya yi ruri a kan wani ƙauye, wuta ta kama, mutane suka zube, shi kansa bai san yadda zai gyara abin da ya ɓata ba. Sai da babba cikin kakanninsa ya nuna masa wata tukunyar ƙasa mai ruwa, wadda ake kira hamfi, ya koya masa ya guntsi ruwan ya fesa wa waɗanda suka ƙone. Wannan tukunya ce ake girkewa a bikin yenandi, wanda ake yi a ƙarshen rani kafin faɗuwar damina, inda mutanen gari ke zama da Dongo a yi maganar shekara: wa ya yi sata, wa ya ci iyakar gona, wa ya yi rantsuwar ƙarya. Ana ganin tsawa ba ta faɗa wa mutum haka kawai, kuma saurar wannan tunani tana nan a bakin Bahaushen da ke rantsuwa da aradu ko kwarankwatsa. Wanda ke tsayawa gaban Dongo ya yi masa kirari, ya lallashe shi, wani lokaci ma ya yi jayayya da shi, mutum ne, Basarke. Hujjar da ake bayarwa tana cikin labarin Faran Maka Bote, kakan Sarkawa, gwarzon da ke farautar dorina da zago, wanda ya yi yaƙi da aljanin ruwa Zinkibaru. Zinkibaru ya mallaki iskokin kogi da kiɗan molonsa; da Faran ya kayar da shi, sai kiɗan da kirarin suka dawo hannun mutum. Ke nan a wannan tsari mai ƙarfi yana kuskure, akwai wanda ya girme shi da zai gyara masa, akwai kuma talakan masunci da ke da haƙƙin gado na ya tsaya gabansa ya yi magana.

Matasan da suka kalli fina-finan The Lord of the Rings, waɗanda suka fito tsakanin 2001 da 2003, sun san wata duniyar da aka gina a kan irin wannan ginshiƙi, ko da ba su karanta tushenta ba. Marubucin, J. R. R. Tolkien, malamin harsuna ne a jami'ar Oxford ta Ingila, ya rasu a 1973, kuma ɗansa Christopher ne ya fitar da littafin The Silmarillion a 1977, inda aka ba da labarin farkon wannan duniya. Mahalicci ɗaya ne, Eru. A ƙarƙashinsa akwai manyan halittu 14 da ake kira Valar, maza 7 da mata 7, kowanne da huruminsa: Manwë na iska, Ulmo na ruwa, Aulë maƙeri, Yavanna ta tsirrai. Ba su iya ba da rai. Aulë ya ƙera wasu mutane gajeru saboda ɗokin ganin masu rai, amma suka zama kamar gumaka masu motsi da nufinsa kawai, sai da Eru ya tausaya ya ba su ran kansu. Mugun labarin kuwa, Melkor, laifinsa shi ne ya ƙi tsayawa a rabonsa, ya nemi na kowa. Tolkien Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addininsa, shi ya sa ya yi taka-tsantsan kada ya yi wa Mahalicci kishiya ko a cikin ƙagaggen labari. Duniya ta karɓi wannan aiki a matsayin hikima, ana koyar da shi a jami'o'i, ana fassara shi zuwa harsuna da dama. To, mai ruwa da mai iska da maƙeri a ƙarƙashin Mahalicci ɗaya, masu iko amma ba masu halitta ba, wannan shi ne abin da masunta da manoman Dandi suke faɗa wa 'ya'yansu ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Tolkien a 1892. Ba wanda ya ara daga wani. Tambayar ce ɗaya: idan Mahalicci ɗaya ne, yaya za a yi bayanin ƙarfin ruwa da wuta da iska ba tare da an ba su matsayinsa ba?

Inda suka rabu ya fi inda suka haɗu muhimmanci. Duniyar Tolkien ta mutum ɗaya ce, ya rufe ƙofarta da hannunsa, ba wanda zai ƙara Vala na 15. Ta kogin Kwara kuwa ƙofarta a buɗe take, kuma duk wanda ya shigo tarihin yankin da ƙarfi sai ya sami mazauni a cikinta. Bayan Toru akwai fararen iskoki masu rawani da carbi, waɗanda ke kama da malamai da Buzaye. Akwai baƙaƙen iskoki na ƙasa, masu kama da Gurmawa da sauran waɗanda aka tarar a wurin. Akwai iskokin Hausa, gidan su Doguwa. Akwai masu sanyi da ake dangantawa da mutuwa da ɓarin ciki. Wannan jeri ya yi daidai da abin da tarihi ya sani. Bayan sojojin Maroko sun karya daular Songhai a Tondibi a 1591, ragowar gidan Askiya sun gangaro kudu zuwa Dandi, suka iske Kyangawa da Gurmawa, ga Bargawa a kudu, ga Kabawa a gabas. Daga baya fataken goro na Kano da Katsina da Sakkwato suka riƙa haye kogin a wajejen Illo da Gaya, su bi ta Kandi da Jugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, har Dandanci ya zama harshen zangon fatake a waɗannan garuruwa. Macen kogi mai suna irin na Fulani, wadda ta haifa wa Buzu da Bagurme da Bahaushe, ta kuma riƙe ɗan Bargu, hoton wannan cakuɗa ce, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar Malanville zai ji harsunan 'ya'yanta. Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda ta faru a idon tarihi. A wajejen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana, Hauka, waɗanda Hausawan Arewa ke kira Babule: Gwamna da Janar da Likita da Kofur, masu fareti da sara wa juna, masu riƙe wuta ba ta ƙona su. Jami'in Faransa Crocicchia ya kama masu yin abin ya kulle su a Yamai, sai shi kansa ya shiga jerin da sunan Kumandan Mugu. 'Yan ci-rani suka kai Hauka har Ankara ta Gana, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Les maîtres fous da ya fito a 1955. Kuma masu labarin ba su ɗora Turawan a saman kowa ba. Sun sanya su a ƙarƙashin Dongo.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi kowane nauyi, wanda mai karatu Musulmi ya riga ya riƙe tun shafin farko: ai wannan shirka ce, me ya kai mu tonon abin da malamai suka yi ƙarnuka suna binnewa? Ƙorafin yana da tushe. Al-Maghili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu kan masu furta shahada suna kuma yanka wa duwatsu da itatuwa, kuma hukuncinsa mai tsanani ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi irin wannan gaurayawa, Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru har da nufin janye mata daga bori. Yanka domin wanin Allah da neman ruwan sama a wurin wanin Allah shirka ne, babu ja a kan wannan, kuma babin nan ba ya kiran kowa zuwa ga tukunyar hamfi. Amma sanin abu dabam, bauta masa dabam, kuma malamanmu ne suka fara nuna bambancin. Ibn al-Kalbi ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa a ƙarni na biyu na Hijira, da sunayensu da wurarensu da ƙabilun da ke bauta musu. Masana lugga sun adana waƙoƙin jahiliyya domin da su ake fahimtar Larabcin Alƙur'ani. Abdurrahman as-Sa'adi, limami a Tambutu, ya kawo labarin kifin nan mai zobe a hanci da mutanen Kukiya ke bauta wa cikin Tarikh as-Sudan. Wanda ya rubuta tarihin Kano bai goge Barbushe da Tsumburbura ba, kuma ba don shi ba da ba mu san abin da Musulunci ya tarar a gindin Dala ba. Ba ɗaya cikin waɗannan da imaninsa ya ragu. Wanda bai san abin da kakanninsa suka bari ba, ba zai san girman abin da suka karɓa ba. Akwai ma ƙari: labaran da kansu shaida ne na yadda tauhidi ya ratsa yankin, tunda an sa Adamu da Hauwa'u a farkonsu, an ba wasu iskokin carbi da allo, an kuma ƙi ba kowannensu ikon halitta.

Ƙorafi na biyu na masana ne. Suna cewa wannan tsararren jeri, mai gidaje da zuriya, Bature ne ya shirya shi, ya ɗauko guntayen labarai ya jera su yadda za su yi kama da na Girkawa. Akwai gaskiya a ciki. Rouch injiniyan hanyoyi ne da ya zo Yamai a 1941, ya shiga wannan fage bayan tsawa ta kashe ma'aikatansa 10 a Gangel a 1942, kuma littafinsa La religion et la magie Songhay na 1960 ya fi bakin kowane mai goge tsari. A ƙauye ɗaya a ce wane ɗan wance ne, a na gaba a ce ƙanenta ne. Yawancin abin da aka rubuta kuma daga Ayoru da Tilaberi da Simiri da Yamai aka ɗauko shi, can sama da Dandi. Sai dai wannan ba ya rushe ginshiƙin. Wadda ta buɗe wa Rouch ƙofa Basarkiya ce, Kaliya, kakar abokinsa Damouré Zika. Boubou Hama, ɗan ƙasa kuma shugaban majalisar dokokin Nijar na farko bayan 'yancin kai, ya rubuta irin waɗannan labarai daga cikin gida. Paul Stoller ya same su a Tilaberi shekaru da dama bayan Rouch, Adeline Masquelier ta sami Dongo da Cirai da Harakoi a cikin borin Dogon Dutsi, a bakin masu magana da Hausa. Sunaye da dangantaka suna sauyawa daga gari zuwa gari, amma rabon aiki da fifikon Mahalicci ba sa sauyawa. Wannan shaidar ta Dogon Dutsi ta kuma amsa wa mai cewa abin na Zabarmawa ne, ba ruwan Bahaushe. Sarkawan Kabi da Yawuri Hausa suke ji yau, kuma gyaran ruwa da fashin ruwa da Sarkin Ruwa ke jagoranta a Argungu, garin da UNESCO ta sa bikin kamun kifinsa cikin gadon duniya a 2016, daga wannan rijiya aka ɗebo su.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya kamata a karɓa kusan dukkansa. Tsarin da aka bayyana ba na adalci ba ne. Ya adana tarihi, amma da idon masu rinjaye ya adana shi: iskokin da ke wakiltar mutanen da aka ci da yaƙi sukan fito a matsayin bayi, da tufafi da magana ta ƙasƙanci, masu sarauta kuwa su zauna kan tabarma a yi musu fifita. Imani da cewa tsawa ba ta faɗa wa mutum haka kawai yana nufin wanda ta kashe a gona ya bar wa iyalinsa zargi a kan rashi. Kuma ko'ina aka ce ciwo na iska ne, akwai mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali ko mai naƙuda da za a jinkirta kai wa asibiti, akwai kuma boka mai cin kuɗin tsoro. Masu son al'ada da ke rufe ido kan wannan ba su yi wa al'adar adalci ba. Haka nan bai dace a ce labaran sun tsare kogin daga ɓarna ba. Sarkawa sun yi farautar dorina da ayu da alfahari. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne sun sanya doka a inda babu hukuma: akwai lokacin da ba a shiga gurbi, akwai wanda ake neman izninsa, akwai wanda ake tuhuma in abu ya ɓaci. Darajar labaran a matsayin shaida ba ta dogara ga kyawun duk abin da ke cikinsu ba. Littafin tarihin da ya nuna bauta ba a ƙona shi don ya nuna ta.

Tambayar da suka yi kuwa ba ta tsufa ba, domin kogin har yanzu a rabe yake tsakanin masu iko. Yana cika sau biyu a shekara a Malanville, na farko da ruwan damina na kusa wajen Satumba, na biyu da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya yi watanni a fadamun Mali kafin ya iso cikin sanyi. A Yuni 1985 ya daina gudu a Yamai. A 2010 da wasu shekaru bayanta ya cinye gonakin shinkafa da gidaje a Malanville da Karimama. Ƙasashe 9 ne ke cikin hukumar kula da kwarinsa da aka kafa a 1980. Tsibirin Lete, kusa da Gaya, sai da kotun duniya ta raba gardamarsa ranar 12 ga Yuli 2005, ta ba Nijar shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar, manyan motoci suka yi layi, fasinja da kaya suka koma hannun masu kwalekwale, wato hannun mutanen da kogin yake nasu tun kafin a ja iyaka. Wa ke da ruwa, ina ikonsa ya tsaya, wa zai yi masa magana in ya wuce gona da iri: waɗannan su ne tambayoyin labarin Faran da Dongo, kuma su ne ake kai wa tebur a Yamai da Kwatano da Abuja.

Abin takaicin shi ne adabinmu bai taɓa wannan taska ba sai kaɗan. Tun gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, marubucin Hausa in yana son aljanu da abin mamaki yakan nufi gabas, wajen Dare Dubu da Ɗaya da ƙasar Hindu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga gwarzon Rasha aka aro shi. Littattafan yaƙi da fina-finan yau ma sarakunan aljanunsu da biranensu na aro ne. Aro ba laifi ba ne, Abubakar Imam ya nuna yadda ake aro a mai da shi na gida. Amma ga uwa a ƙarƙashin ruwa da 'ya'ya daga ƙabilu biyar, ga maƙerin sama, ga ɗan riƙo mai fushi da ya ƙona gari ya koyi gyara, ga masunci da ya ƙwace molo daga hannun aljani, duk a tafiyar yini ɗaya daga Birnin Kabi, kuma Musulmin marubuci yana iya rubuta su a matsayin labari ba tare da ya taɓa aƙidarsa ba, yadda Tolkien ya yi bai taɓa tasa ba. Kafin a kai ga rubutu sai an tattara. Tsofaffin Sarkawa da masu goge na Dandi suna ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun bar abin, wasu don addini, wasu don neman abinci a birni. Cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO tana Yamai tun 1968, ga jami'o'in Yamai da Paraku da Sakkwato da Birnin Kabi, dukkansu suna da ɗaliban da ke jin Dandanci ko Zabarmanci ko Hausar Kabi. Ya kamata sassan harsuna da tarihi na waɗannan jami'o'i su tura su Malanville da Karimama da Gaya da Illo da na'urar ɗaukar murya, su rubuta labaran da harshen masu su, da sunan garin da aka ji kowanne, tun masu faɗar suna raye.